Matar da ke Cikin Littafin Kawu Modu

A gidan kakata ta wajen uwa na tashi, a Yerimaram. Tsakanin magariba da lisha lokacinta ne. Takan zauna gefen murhu tana ɓarar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya har a kira salla. Haka muke har hutun da ɗanta, Kawu Modu, mai koyarwa a Gadaka, ya dawo da wani ƙaton littafin Turanci mai hotuna, na tarihin Misirawan dā.

Ya ce ya isa haka nan, an daɗe ana cika mana kai da ƙarya, yanzu za mu ji abin da ya faru da gaske. Sai ya karanta layi ɗaya, ya fassara, ya ce a'a ba haka ba ne, ya koma baya. Wane ya gaji wane, wane ya gina dala, sunaye masu karya harshe. Kwana shida muna wannan azaba. In ka yi gyangyaɗi ya tashe ka da tambaya. Kaka kuwa gyaɗarta kawai take ɓara.

A rana ta bakwai ya buɗo wani shafi, ya haska shi da tocila. Gawa ce busasshiya, an kwance mata rufi tun daga kai har ƙirji.

Kaka ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Ta goge hannu, ta karɓi littafin.

"Modu, mace ce?"

"Mace ce, Hajja. Shekarunta dubbai."

"Wa ya buɗe ta?"

"Masana, don a ƙaru da ilimi."

Ta daɗe tana dubawa. "Wadda ta naɗe ta ta san aikinta," in ji ta. "Dubi yatsun, ɗaya-ɗaya aka bi su."

Ta rufe littafin, ta ɗora shi a cinya, ta ba mu labarin wani bafatake da ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Ya sauka wani gari, ya tarar da ɗakin da ba a buɗewa, ya ɓalle ƙofar. Tsohuwa ce a ciki tana barci. Ya yaye mayafinta, ya kira mutane kallo. Tun daga ranar, duk inda ya kwanta, a tsakiyar kasuwa yake farkawa ba sutura, jama'a na kansa. Aka ce maganinsa ya mayar mata da mayafinta, shi kuwa ya riga ya yayyanka shi ya sayar.

"Wannan ai ba tarihi ba ne," in ji Kawu.

"Naka ma da an bar shi a rufe da ya fi."

Da safe ta jiƙa ƙaro, ta yanko farin ƙyalle, ta liƙe hoton tsaf. Ashe littafin na hedimasta ne, aro Kawu ya yi. Ya yi ta safa da marwa a tsakar gida yana cewa da wane ido zai dubi mutumin. Kaka ta ce ya gaya masa an yi wa baƙuwarsa sutura. Ni ma na ji haushinta, don ban gama kallo ba.

Yau ni ce mai sayen irin waɗannan littattafai, ina kuma jin daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu suna ƙona mini rai. A jera zinariya, a bayyana yadda aka zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, sannan a manna fuskar baiwar Allah a bango don littafi ya sayu.

Dā ina cewa halin masu rubutun ne kaɗai. Bara wata mota ta buge wani dattijo kusa da kasuwa, ya cika nan take. Kafin na sauka daga keken da na hau, wayoyi sun fi ashirin a kansa, ba wanda ya miƙo ko hankici. Na cire gyalena na rufe shi. Wani magidanci, da gemunsa da komai, ya taɓo ni.

"Hajiya, ɗan ɗaga kaɗan mana, ban samu fuskar ba."

Na tsaya a gabansa ban matsa ba, har 'yan uwan mamacin suka iso.