Ranar da Teku Ya Bar Mu a Laka

Tun da na ɗora hoton nan da nake tsaye cikin laka har gwiwa, labari ya karaɗe wai na kusa nutsewa a teku. 'Yan ɗakinmu a unguwar Najma da ke Doha suka faɗa wa na ɗakin kusa, wata ta aika wa yayarta a Gusau, kafin Asabar sai ga Inna ta kira ni tana salati. To bari in gyara zancen sau ɗaya, don na gaji da amsa saƙo ɗaya bayan ɗaya. Ban nutse ba, ban ma kusa ba. Ruwan wurin bai wuce idon sawu ba. Rashin ruwa ne ya ja min abin da ya ja min. Masu cewa kuma miji na je nema, Allah ya shirye ku, ku dubi hoton da kyau ku ga ko akwai mai neman aure a haka.

Mun tashi da asuba ranar Juma'a, muna idar da salla na fito da jaka a baya. Watan Janairu ne, iska na shiga har ƙashi. Wata ƙungiya ce ta masu yawon ƙafa da tuƙin kwale-kwale na gani a waya na shiga. Shekara biyu ina Doha, daga gadon sama na ɗakinmu sai shagon turare da nake aiki a kasuwar Souq Waqif, sai in koma. Na fara jin kamar ƙafafuna za su ruɓe. Ranar Juma'a sai bayan la'asar muke buɗe shago, don haka na lissafa: in tafi da asuba, in dawo da azahar, in yi wanka, ƙarfe huɗu ina bakin aiki.

Ƙarfe huɗun nan ba wasa ba ce. Sau biyu na makara a watan, manajanmu ya ce min a gaban kowa, idan na ƙara ko da minti biyar ne, zai mayar da ni sito can Sana'iya, unguwar masana'antu, in riƙa cusa kwalabe a kwali. Sito babu taga, babu mai saye da za ki yi hira da shi, ga tafiyar kusan awa guda a mota kullum. Da wannan maganar a kaina na hau bas.

Mu kusan ashirin ne. Indiyawa, 'yan Filifin, Turawa uku da kaya kamar za su yaƙi, sai jagoranmu, wani dattijo ɗan Sudan mai furfura da ba ya gaggawar komai, ko magana sai ya ja ta. Ina zaune ina tsaki don mun ɓata minti ashirin muna jiran wani, sai na ji an ce daga bayana, "Ƙanwata, tsakin nan na gida ne." Na waiga. Wata mata ce babba, 'yar Zangon Kumasi, tana aiki a kicin ɗin wata makaranta a Mu'aither. Ta ce shekararta uku tana bin su. Daga nan na koma kusa da ita, na riƙa ce mata Anti.

Hanyar Al Khor, garin da muka nufa, gaskiya titi ne. Faɗi, santsi, ba rami ko ɗaya, ba mai tsayar da kai. Kana barin dogayen benaye sai fili fetal, fari fat, babu ko bishiyar da akuya za ta raɓa. Mun tsaya a wani ɗan shagon shayi, na sayi shayin madarar da suke kira karak riyal ɗaya da burodin Indiyawa mai ƙwai a ciki riyal uku. Shi ne abu mafi arha da na taɓa saye a ƙasar nan wanda bai ba ni haushi ba.

Wajen bakwai muka fara tafiyar ƙafa a wani ɗan tsibiri kusa da garin. Dokarsu ita ce ba mai wuce jagora, ba kuma wanda za a bari a baya. To ni fa tafiyar sauri na iya. Shi kuwa dattijon nan kowane taku goma sai ya tsaya ya nuna mana wani abu: ga ramin ƙaguwa, ga ciyawar da ke shan ruwan gishiri, ga ɓawon dodon koɗi. Turawa na ɗaukar hoto, ni ina taka masa dunduniya. Sau biyu yana juyowa ya ce min, "Shwayya, shwayya, 'yata." Wato a hankali. Ƙasar wurin ta yi ɓawon gishiri, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Mun hau wasu 'yan duwatsu farare da iska ta sassaƙe, daga sama na hango kore shar, itatuwa cunkus a bakin teku. Na tsaya ina kallo, ba zan yi ƙarya ba. Ban san akwai kore haka a Qatar wanda ba da famfo ake shayar da shi ba. Sai na duba agogo, tara saura. Na ce madalla, yanzu a shiga ruwa, sha ɗaya mun gama.

Muka isa Al Thakira inda kwale-kwalen suke. Ƙanana ne na roba, ja da ruwan ɗorawa, kayak suke ce musu, an jere su a kan yashi. Na duba gaba, babu ruwa. Laka ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ƙananan ƙaguwa na ta guje-guje a kai. Na tambayi Anti ina tekun. Ta ce, "Ya fita. Sai sha biyu zai dawo." Na ɗauka zolayata take yi. Ni a Zamfara na tashi. Na san gulbi na ƙafewa da rani ya cika da damina, amma ba wanda ya taɓa faɗa min akwai ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da rana kamar ma'aikaci. Ashe an rubuta a saƙon da aka turo mana cewa sai bayan Juma'a za a shiga. Ni layin farko kawai na karanta, inda aka faɗi wurin haɗuwa.

Na sake lissafi. A shiga ƙarfe ɗaya, a fito biyu da rabi, awa ɗaya a hanya. Uku da rabi ina Doha. Babu wanka, amma zan kai. Na nemi tasi a waya in gudu tun da wuri, kuɗin da ya nuna min ya sa na mayar da wayar jaka. Ban da haka ma na riga na biya kuɗin kwale-kwalen, kuma ina so in shiga. Wannan ita ce gaskiyar.

Awa huɗu na yi ina zirga-zirga a bakin lakar nan. Maza suka tafi masallaci, muka yi azahar a kan tabarma. Anti ta buɗe kula, wake da shinkafa irin nasu na Ghana da baƙin yajin nan shito. Na ci ina hawaye ina ƙari. Wata Baturiya ta ɗanɗana a bakin cokali, ta sha ruwa gora guda. Ina ci ina leƙen teku. Sai can na ga ya fara shigowa, ba igiya ba ƙara, yana rarrafowa kawai yana cike ramuka. Na ce masa a raina, ɗaga ƙafa mana.

Da aka zo shiga, aka ba kowa rigar hana nutsewa da filafilin tuƙi. Mutum biyu a kowane kwale-kwale. Jagora ya ce na baya shi ke juya akala. Ina jin haka na yi wuf na zauna a baya kafin Anti ta motsa. Ta dube ni ta ce, "Kin taɓa tuƙi?" Na ce zan koya a hanya.

Minti goma na farko muna ta zagaye a wuri ɗaya, na jiƙa mata baya sharkaf. Daga baya hannuna ya faɗa. Muka bi sahun sauran cikin wata hanyar ruwa tsakanin itatuwa. Wurin shiru, sai ƙarar filafili. Ruwan garau, ana ganin ƙananan kifaye. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula mu ba. Can nesa wasu tsuntsaye masu dogon wuya, launinsu ja-ja, sun dulmiya kai a ruwa. Da a ce wata ce ni, da na more. Amma wayata na rataye a wuya cikin leda, kowane minti biyar sai na ɗaga ta.

Biyu da kwata muna can ciki, ba a ma juyo ba. Da aka juyo kuma, hanyar ta yi wani dogon lanƙwasa, alhali ina hango farar bas ɗinmu ta tsakanin ganye, kusa ƙwarai. Sai ga wata 'yar siririyar hanya ta hagu, ta miƙe sak wajen. Mu ne na ƙarshe a layi. Na karkata kan kwale-kwalen.

Anti ta ce, "Ina za ki kai mu?"

Na ce, "Yanke ne, Anti. Ga motar can."

Ta ce, "Ruwa ya fara komawa, ƙanwata. Ki bi mutane."

Na yi kamar ban ji ba, na ƙara ƙarfi.

Mun yi tafiyar minti biyar lafiya lau, har na fara jin kaina. Sai filafili ya fara taɓo ƙasa. Sai cikin kwale-kwalen ya yi gurrr, muka tsaya cak. Na tura, na sake turawa, ko motsi. Na waiga baya, inda muka biyo ma ya fara zama laka. Ina kallo da idona ruwan ke zarewa ta gefenmu.

Na ce bari in sauka in ja. Ƙafar farko ta shige har gwiwa. Ta biyu ta bi ta. Na ciro ɗaya, takalmin ya zauna a ciki, har yau yana can. Ga saiwoyin itatuwan nan sun tsittsiro daga ƙasa kamar ƙusoshi, duk inda na taka sai sun soke ni. Warin kuwa, ruɓaɓɓen ƙwai ne sak. Anti ta dubi lakar, ta dube ni. Ta ciro usur daga jikin rigarta ta busa sau uku, sannan ta naɗe ƙafar wandonta ta sauko, mace mai jika, ta kama igiyar gaba. Ta ce, "Ke tura, ni in ja. In kin gama kuka."

Ban san ma ina yi ba.

Jagora ya zagayo ta bakin hanyar ya tsaya inda ruwa ya ƙare, ya jefo mana doguwar igiya. Mun fi rabin awa muna jan abin nan taku ɗaya-ɗaya. Da muka fito fili wani ɗan Filifin ya ɗauke ni hoton da kuka gani. Mutum goma sha biyar na zaune a bas suna jiranmu, wasu su ma suna da aikin yamma. Ba wanda ya yi min faɗa. Dattijon ya miƙo min gorar ruwa in wanke ƙafa, ya ce, "Khalas, shi ke nan, kin gaisa da wurin." Ni da an zage ni da ya fi min sauƙi. Uku da ashirin muka tashi.

A hanya na ba Anti haƙuri. Ta ce ta haƙura, amma in saya mata karak har sau uku. Ta ciro silifas ɗinta na salla ta ba ni, sun yi min yawa.

Huɗu da minti talatin da biyar na shiga shago, laka ta bushe a siket ɗina, ina jan silifas. Ku tuna shagon turare ne. Wata Balarabiya na shinshina turaren oud a bayan hannunta, ta ɗago kai ta dube ni, ta ajiye kwalbar ta fita. Manaja ya dubi agogo, ya dubi ƙafata. Na buɗe baki zan ce teku ne, sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe. Ya ce, "Daga Lahadi, sito. Yanzu je ki gida ki yi wanka."

Abin da na koyo ba shi da yawa. Teku na fita ya dawo sau biyu a yini, kuma ba ruwansa da manajan kowa. A karanta saƙo har ƙarshe. Idan wadda ta shekara uku a wuri ta ce ki bi mutane, ki bi su. Shi ke nan, ba ni da wata hikima bayan wannan.

Yau kwanana biyar a sito. Babu daɗi, kada wani ya ce muku akwai. Yatsuna duk sun yanke da kwali, kuma ina kewar hayaniyar kasuwa. 'Yan ɗakinmu sun ce in je in durƙusa wa manaja, yana da sauƙin kai idan aka lallaɓa shi, in ma so in ce ciwo ne ya tsare ni. Har na shirya abin da zan faɗa. Sai jiya nake tambayar matar da ke kula da mu ƙarfe nawa ake shigowa ranar Juma'a. Ta ce wace Juma'a? Sito a rufe yake tun daga daren Alhamis har safiyar Asabar.

Don haka ba zan je roƙo ba. Na tura wa 'yan ƙungiya saƙon ban haƙuri, na kuma sa sunana a tafiyar mako mai zuwa, can yamma wajen duwatsun Zekreet. Yini guda za a yi. Yau da yamma zan je in sayo sabon takalmi.