Gwiwar Kawu Isiya a Baje Kolin Abuja

Alhamis: Funtua zuwa Dutse Alhaji

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, ni da Kawu Isiya, bayan mun idar da salla a masallacin bakin layi. Ni ke riƙe da jaka, shi yana riƙe da sandar da ya rantse ba ta dogarawa ba ce, ta korar karnuka ce. Ga wanda bai san shi ba, Kawu Isiya yayan mahaifiyata ne, mahauci, kuma tsohon ɗan damben da makaɗa suka yi wa laƙabi da Kututture. Ya fi shekara ashirin yana shiga fage, kuma duk wanda ya san dambe a yankinmu zai gaya maka ba a taɓa kashe shi ba. Kisa a dambe ba mutuwa ba ce. Da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, ko da santsi ne ya kwashe ka.

Ga abin da ya tashe mu. Bara wani mai zane daga Abuja, sunansa Ayuba, ya zo Funtua ya kwana biyu yana ɗaukar Kawu hoto yana tambayarsa tarihi. Makon jiya sai ya turo mini gayyata a waya, cewa za a nuna zanen a wani baje kolin zane-zane, ya haɗo da hotonsa. Zanen ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ga Kawu nan a tsakiyar fage, hannu ɗaure da kara, wato igiyar dambe, jama'a kewaye da shi, ya durƙusa gwiwa bibbiyu a ƙasa. Wautar da na yi ita ce na kai wayar mahauta na nuna. Kafin azahar hoton ya zaga kasuwa kaf. Sa'o'insa suka samu abin yi: "Ashe dai an taɓa sare Kututture, mu ne ba mu je kallo ba ran nan!" Kawu ya yi kwana uku bai leƙa kasuwa ba, ni kuma ko gaisuwata ba ya amsawa. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na ce bari in kira Ayuba, ya ce maganar fage ba a yin ta a waya, in nemo mana mota.

Motar tasha muka shiga, mai cin mutum bakwai. Direba ya ba Kawu gaba saboda ƙafarsa. Bakwai daidai muna Zariya, tara saura muna Kaduna, inda muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Daga nan zuwa Zuba na ƙirga shinge biyar. A na uku wani jami'i ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Kawu ya ce, "Abuja. Za ni in tashi tsaye."

Jami'in ya dube ni, na ɗaga kafaɗa, ya ce mu wuce.

Ɗaya da minti goma muka sauka a Zuba, muka ɗauki tasi zuwa Dutse Alhaji, tafiyar kamar rabin awa. Masaukinmu gidan Bashir ne, abokin karatuna da ke aiki a wata ma'aikatar tarayya. Ciki da falo ne a wani lungu da ko Keke ba ya iya shiga, amma matarsa ta yi mana tuwon shinkafa miyar taushe da ya mantar da ni gajiyar hanya. Kawu ya ci loma huɗu ya wanke hannu.

Juma'a da safe: Gwarinpa

Tara da rabi Bashir ya sauke mu a gidan zanen da ke kula da ayyukan Ayuba. Gida ne irin na kwana aka mayar da shi wurin nuni, bango fari tas, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Mai wurin mace ce mai fara'a, kowa Madam yake ce mata, Hausarta irin ta Abuja. Da ta ji ko mu su wane ne sai ta tafa hannu.

"Baba Kututture! Zanenka shi ne oga a wurinmu. Tun jiya ta tafi wurin baje koli."

Kawu ya ce, "To a sauko da shi."

Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara, ba ta yi mana dariya ba, wannan na yaba mata. Sannan ita ma ta yi nata bayanin. Aikin gida irin nata shi ne ya nemo mai zane, ya tsaya masa, ya kai shi inda masu saye suke. Baje koli kuwa sau ɗaya ake yi a shekara, gidaje da yawa ke haɗuwa a zaure guda, kowa da bangonsa, an kuma riga an buga littafin da ke ɗauke da duk abin da aka rataya. Ta ce wannan ne karon farko da aka karɓi Ayuba, kuma mai zanen da bangonsa ya wayi gari babu komai, da wuya a sake kiransa. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta sa a rubuta a ƙarƙashin zanen cewa ba a taɓa kayar da mutumin nan ba.

Kawu ya ce, "Hajiya, wanda ke kallon hoto a waya ba ya karanta ƙasansa."

Ta ba mu katin shiga biyu.

Juma'a da yamma: zauren baje koli

Bayan mun sauko daga masallaci muka shiga gari, uku da kwata muna bakin zauren. An bincike mu a ƙofa, aka so karɓe sandar Kawu, sai da na ce ta dogarawa ce suka bari. Hararar da na sha ba a magana.

Baje kolin na bana a kan dabarun faɗa ne, don haka ko'ina ka duba ana dambatawa a jikin bango. Ga 'yan kokawa an sassaƙa su da itace, ga masu sharo, ga masu wasan takobi, ga wasu da fararen kaya suna harbin iska da ƙafa, aka ce mini wancan karate ne, na kusa da shi taikwando. Masu kallo kuwa shiru-shiru, kowa ya goya hannu a baya yana gyaɗa kai kamar an zo gaisuwar mara lafiya. A tsakiyar zauren an shimfiɗa katifu ana nuna wasan judo. Mutum biyu suka fito, kafin su taɓa juna suka durƙusa, suka sunkuyar da kai har ƙasa.

Kawu ya ce, "Ikon Allah. Waɗannan tun ba a fara ba sun mutu."

A nan Ayuba ya same mu. Bagwari ne daga Paikon Kore, gajere, kakkaura, zai yi shekara talatin da biyar. Ya taho da murnarsa, amma da ya ga fuskar Kawu sai murnar ta koma ciki. Ya kai mu gaban zanen. A waya ƙarami ne, a nan kuwa ya fi ƙofar ɗaki tsawo. Kawu ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya nuna gwiwar da bakin sanda.

"Wa ya kashe ni a nan? Faɗa mini sunansa."

Ayuba ya juyo ya dube ni. Da na fayyace masa dokar sai ya dafe kai. Ya ce, "Baba, ni judo na yi a makaranta. A wurinmu babban malami shi ne yake zama haka kafin wasa, kowa ya yi shiru. Na zana ka haka don girma ne. Gaskiya ban san haka dokar dambe yake ba."

Na yarda da shi, kuma na ga alama Kawu ma ya yarda, don bai ɗaga murya ba. Rashin sani dai ya fi dare duhu. Sai dai yarda ba ta ɗaga gwiwa daga ƙasa. Ayuba ya dubi Madam da ta iso ta tsaya kusa da mu, Madam ta ce wani mai otal zai zo gobe da yamma don zanen nan musamman, a yi haƙuri zuwa jibi. Kawu ya tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa gobe, aka ce goma, ana rufewa shida. Ya ce to, mu tafi.

Asabar: tsayuwa

Goma saura minti biyar muna bakin ƙofa. Sandar ya bar ta a gidan Bashir da gangan. Ana buɗewa ya wuce kai tsaye, ya tsaya a daman zanen, ya gyara hula. Duk wanda ya zo kallo sai ya ce masa, "Ni ne wannan. Amma ban taɓa yin haka ba." Ni kuma in juya wa marasa jin Hausa da Turanci. Aikina ke nan ranar, kuma na faɗi jimlar nan har bakina ya bushe.

Aka kawo kujera, ya ce a ba masu buƙata. Aka kawo shinkafa da kaza, ya ce shi bai saba ci a tsaye ba, kuma ba zai zauna ba, a kai kasuwa. Ruwa kawai ya sha. Da azahar da la'asar muka je muka yi salla a wani ɗaki da aka keɓe, can kam ya durƙusa ba gardama, ya ce wannan ba fage ba ne. Amma na lura tashi daga sujada na ba shi wuya. Mutum ne da ya haura saba'in, kuma gwiwoyinsa sun daɗe suna kai ƙara.

Abin dariyar shi ne, babu bangon da ya tara jama'a kamar namu. Mutanen da jiya ke kallo kamar kurame yau sai tambaya suke. Wani malamin karate ya zo suka yi ta musu a kan ko dambe na da ɗamara mai launi kamar tasu. Kawu ya ce su ɗamararsu tabo ce, ya nuna masa na girarsa. 'Yan judo suka zo suka sunkuya masa, ya ce su tashi, ba ya son ganin haka. Madam sai walwala take. Ayuba kuwa tun bayan la'asar ya daina kula masu saye, ya koma bayan Kawu ya tsaya, idonsa a kan ƙafafunsa. Ni ma na ga abin da ya gani, ƙafar hagu na rawa a cikin wando. Na ce, "Kawu, saura minti arba'in, ka ɗan jingina da bango." Ko kallona bai yi ba.

Biyar da minti ashirin da biyar, yana tsakiyar gaya wa wata mata "Ni ne wannan," ƙafar ta saki. Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni har na kasa motsi, don wayoyi sun fi ashirin a sama suna ɗauka. Ayuba ne ya cafe shi, hannu ɗaya a wuyan riga, ɗaya a ƙarƙashin hammata, ya sa ƙugu ya tare shi ya ɗago shi cak, irin kamun da na ga suna yi a kan katifa. Ya riƙe shi a haka har Kawu ya samu ƙafarsa.

Ayuba ya miƙo mini hannun Kawu. Ya juya ya kama zanen gefe da gefe ya sauke shi daga bango. Madam ta yi masa magana da Turanci, da sauri, cewa mai otal na hanya. Ya amsa mata da Hausa, "Madam, ki ce masa zanen bai gama ba." Ya gaya wa Kawu zai tafi da shi Paikon Kore ya tashe shi tsaye, in ya bushe ya kawo Funtua a gani kafin kowa ya gani. Ya fita da shi a kai, fuskar zanen na kallon ƙasa, ya bar bangonsa fari fat. Kawu bai zauna ba sai a cikin motar Bashir.

Lahadi: komawa

Shida da rabi muka bar Dutse Alhaji, bakwai da kwata motar Funtua ta cika a Zuba. Shingayen dai suna nan yadda muka bar su. A Kaduna na sayi gurasa da tsire, Kawu ya ci sosai. Ƙafar ta kumbura, direba ya tura masa kujera baya. Uku saura kwata muka sauka a tasha, Keke ya kai mu ƙofar gida.

Na sa hannu zan tura ƙofa sai ya riƙe ni. Ya duba hagu, ya duba dama, babu kowa a layin.

"Kai kana wurin. Kada ka yi mini kara. Ta taɓa?"

Na ce, "Ba ta taɓa ba, Kawu. Saura yatsa biyu."

Ya ɗaga yatsunsa biyu ya dube su, irin yatsun mahauci masu kauri. Ya ce, "To, yatsa biyu ba kisa ba ne." Ya ce in shiga da jaka, shi kasuwa za shi.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Godiya ga Bashir da iyalinsa da suka bar mana ɗakinsu kwana uku, da Madam da ta saurare mu ko da ba ta ba mu abin da muka je nema ba. Sai Ayuba. Ban sani ba ko za a sake ba shi bango a Abuja. Allah ya saka masa, hannunsa ya riga ƙasa.