Zane Arba'in Na Malam Abdulmuhaimin

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin teloli na Wunti ya san Abdulbaqi mai surfani, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tabarau a karan hanci, wanda in ka ce masa aikin ya yi jinkiri zai dube ka ta saman gilashin har sai ka ba shi haƙuri. Aikinsa ba shi da makusa. Halinsa ne ke da guda ɗaya, kuma kowa a layin ya san ta, wato rowar zane. Zai ba ka masarsa da zafinta, zai ba ka babur ka je Gwallaga ka dawo, amma ka roƙe shi zanen wuyan riga ɗaya tak, nan take za ka ga fuska ta murtuke.

Rowar tana da asali. Mahaifinsa, Malam Abdulmuhaimin, da allura da zare ya yi aikin riga shekara hamsin. Yakan zana kayansa da biro a bayan takardar siminti, kuma zane arba'in ya bari waɗanda shi ya ƙaga su da kansa. Na ƙarshensu, wanda ya yi kafin hannunsa ya soma rawa, shi ya sa wa suna reshen tsamiya. Mutum biyu kaɗai ya koya wa aikin: ɗansa Abdulbaqi, da Auwalu ɗan maƙwabcinsu, wanda suka tashi suna cin tuwo kwano ɗaya.

Da zamani ya juya, Abdulbaqi ya sayi injin surfani mai aiki da kwamfuta. Shekara biyu cur ya yi yana shigar da zanen tsohon a ciki, ɗinki bayan ɗinki, har idonsa ya ƙara lalacewa. Wata damina gara ta shiga akwatin da takardun simintin suke, ta cinye su tas. Ya yi baƙin ciki, amma bai tashi hankalinsa ba, tunda komai yana kwamfuta. Har ma'ajiya ta biyu ya saya, 'yar baƙar aba mai waya, ya zuba kwafi a ciki. Don kada wani ya ɗauke ta, sai ya jona ta da kwamfutar ya naɗe da salatif, dare da rana tana maƙale. Shi a ganinsa ya gama dabara.

Saɓaninsa da Auwalu kuwa a masallacin Juma'a ya faro. Yana zaune yana sauraron huɗuba, sai ya ga reshen tsamiya a bayan rigar mutumin da ke sahun gabansa, kuma ya san ba shi ya ɗinka ta ba. Allah ya yafe masa, ranar bai ji huɗuba ba. Ana sallamewa ya tambayi mai rigar, mutumin ya ce ai aikin Auwalu ne. Ashe lokacin da Abdulbaqi ya kwanta zazzaɓi ya bar masa makullin shago, Auwalu ya kwashi zanen a filashi, 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan ta kwamfuta. Ba a yi zage-zage ba. Shekara shida dai aka yi, shago huɗu ne tsakaninsu, amma ban da sallama babu abin da ke haɗa su.

Ana saura wata ɗaya Sallah, wani a zauren teloli na waya ya turo sabuwar manhajar zane, ya ce kyauta ce, an riga an fasa ta, wato an karya makullinta. Abdulbaqi ya sauke, ya saka. Ranar Talata da hantsi ya kunna kwamfuta zai fitar da wuyan rigar wani ango, sai ya ga fayilolinsa duk sun yi fari fat, kowanne da wata baƙuwar jela a ƙarshen sunansa. Ya danna wannan, ya ƙi buɗewa. Ya danna wancan, haka. Ya leƙa ma'ajiyar da ya naɗe da salatif, ita ma labarin ɗaya ne. A tsakiyar allon ga wata takarda da Turanci tana cewa an kulle masa komai, in yana son makulli ya biya kuɗin fansa cikin kwana uku.

Bai ko tuna da angon ba, abin da ya faɗo masa a rai shi ne hannun tsohon nan riƙe da biro.

Ya rungumi kwamfutar kamar mai kai yaro asibiti, ya tare keke mai ƙafa uku sai bakin barikin Shadawanka, shagon Christiana mai gyaran kwamfuta. 'Yar wani tsohon soja ce, a barikin aka haife ta, kuma ba ta iya ɓoye wa mutum gaskiya don ya ji daɗi ba. Abin da ta fara yi shi ne ta tabbatar na'urar ba ta haɗe da intanet, sannan ta yanke salatif ɗin da reza.

"Baba, wa ya ce ka ɗaure wannan a nan?"

"Don tsaro ne, 'yata."

"Ai ka ajiye makullin gida a jikin ƙofa ke nan. Ƙwayar cutar kwamfuta ce ta biyo manhajar da ka saka, duk abin da ta samu a jone sai ta kulle shi."

Ta yi bincike fiye da awa ɗaya. Ta ce wasu ire-iren ƙwayar an riga an gano makullinsu, ana samunsa kyauta, amma wannan ba ta cikinsu. Cire ta ba wuya, za ta goge kwamfutar ƙarƙaf ta sake zuba mata komai sabo. Sai dai fitar ƙwayar ba ya buɗe abin da ta riga ta kulle.

"To in na biya su fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ina da fili a hanyar Ningi."

"Kar ka soma, Baba. Ba ka san su ba, ba ka san ƙasarsu ba. Wasu su karɓa su yi shiru, wasu su ce ƙaro. Zan kwafe maka fayilolin da aka kulle a gefe, wataƙila wata rana a samu makullin. Amma ka yi tunani, babu wani wuri a duniya da zanen nan yake? Ba ka taɓa ba kowa ba?"

Abdulbaqi ya buɗe baki zai ce shi bai taɓa ba kowa ba, da alfaharinsa ma. Sai ya tuna da filashin Auwalu.

Kwana biyu yana kai gwauro yana kai mari. Matarsa Zakiyya ta gaji da ganin tuwo yana dawowa yadda ta kai shi, ta ce, "Malam, shago huɗu ne fa. Ko a keke zan sa a kai ka?" Yana jin kunya, yana kuma jin haushin cewa kunyar ta kama shi ne a gaban mutumin da yake ganin shi ya yi masa laifi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya taka. Tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba, sai da ya tsaya sau biyu yana gyara hula. Auwalu na kan keken ɗinki, ya ɗago ya gan shi, ya miƙe tsaye da abin awo rataye a wuya.

"Yaya, lafiya?"

"Zanen Baba," in ji Abdulbaqi.

Labari ya riga ya zaga layin, saboda haka Auwalu bai tambayi komai ba. Ya jawo wani tsohon gwangwanin alawa daga ƙarƙashin teburi, ya fito da filashi ƙunshe a leda. A jikinsa an manna 'yar takarda, an rubuta "Na Baba Malam".

"Tun shekaranjiya nake sa shi a aljihu, sau uku ina zuwa bakin shagonka ina komawa," in ji shi. "Na san na ɗauka ba da izini ba, ka yafe mini. Amma Yaya, ni ma shi ya riƙe hannuna ya koya mini zare allura. Da na roƙe ka, ka san ba za ka ba ni ba."

Abdulbaqi ya so ya musa, ya ga babu abin musawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Tare suka shiga keke zuwa Shadawanka. Abdulbaqi har rawar jiki yake a jona filashin, Christiana ta fizge shi ta ce sai ta bincike shi tukuna a wata na'urar, don filashin da ya zaga shagunan teloli ba abin yarda ba ne. Ya fito lafiya. Zane talatin da huɗu ne a ciki, domin shida ba a gama shigar da su ba lokacin da Auwalu ya kwasa. Ta buɗe na ƙarshe a jerin, reshen tsamiya ya bazu a allon, ganye bayan ganye. Manya biyu masu furfura suka ƙura wa allon ido a gaban yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'ya'yansu ba, ita kuma ta yi kamar tana neman wani abu a durowa.

Sauran shidan ba su ɓata ba. Suna jikin rigunan dattawan Wunti da Gwallaga, kuma Auwalu, da idonsa ya fi ƙwari, shi ya riƙa bi gida-gida yana aro yana kwafa. Huɗu sun dawo kafin Sallah, biyu har yanzu ana cigiya.

Yanzu in ka je shagon za ka tarar Abdulbaqi ya zama mai wa'azi. Manhajar da aka ce an fasa, ko kyauta da tukuici ba ya so. Kwamfuta ta nemi sabuntawa, ya bar ta ta yi. Filashin baƙo sai an bincika. Ma'ajiyar nan kuwa ba ta ƙara kwana a jone ba, yana zuba kwafi ya zare ta ya kai gida. Har yanzu yana duban mutane ta saman gilashi, wannan kam sai dai haƙuri.

Amma duk Juma'a, kafin a tafi masallaci, yakan aika a karɓo masa filashin nan mai takarda a jiki, ya zuba duk sabon zanen da ya yi a makon a ciki, ya taka shago huɗu da ƙafarsa, ya miƙa wa Auwalu ya ce, "Ungo, ajiye mana."