Takalmin Gudun Kawuna

Shekarun baya kaɗan, ina aji biyu a sakandare a nan Keffi, bakina ya ɗauko min abin da ƙafafuna ba za su iya ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan tsere ne a zamaninsa. Mita ɗari takwas yake gudu, har ƙasashen waje ya je da rigar Najeriya kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Yanzu shago gare shi a Jigwada. Abin da ya rage masa na wancan lokacin shi ne takalmin gudunsa mai ƙusoshi a ƙasa, yana cikin kabad na gilashi. Ko matarsa ba ta taɓa shi.

Ni kuwa na cika ajinmu da cewa gudu a jininmu yake. Da intahaus, gasar wasannin makarantarmu, ya zo, abokina ya ce, "Idan da gaske kawunka ne, kawo takalmin mu gani." Na je gaida su Kawu, na faki idonsu na fito da shi a jakata.

Ranar tseren na sa shi, ya yi min yawa, na cusa takarda. Ana busa usur na fita da gudun wanda kare ya biyo. Zagaye na biyu numfashi ya ce sai wata rana. Sai na ji fat! Ƙasan takalmin hagu ya ɓalle, ya tsaya yana kallon gasar.

Bayan tseren na ruga wurin shumeka mai gyaran takalma a bakin kasuwa, na ce ya liƙa, zan dawo. Da na dawo ya miƙo min yana alfahari. "Na liƙa, kuma na cire maka ƙusoshin nan duka. Wane mugu ne ya kafa maka su? Yaro, ka riƙa addu'a."

Kwana uku ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ɓuya a ɗaki, ko abinci ba na iya ci. Mahaifiyata ta ce, "Kai da ke cin kwano biyu, lafiya?" Rana ta huɗu na kai kaina shagon, na ajiye takalmin cikin leda a gabansa.

Ya daɗe yana shafa wurin ƙusoshin da yatsa. Na fara tunanin wa zan bar wa kekena.

"Na nawa ka zo?"

"Na ƙarshe, Kawu."

"Ka tsaya a hanya?"

"A'a. Na ƙarasa da ƙafa ɗaya da rabi."

Ya sauke numfashi. "A tserena na ƙarshe da shi, gwiwar ta tafi saura rabin zagaye. Kowa ya gama, ni ina ɗingishi, Turawa na tafa min don tausayi. Ni ma na ƙarshe na zo. Ba don nasara na ajiye shi ba, ɗan nan, don na ƙarasa ne."

Na fara murmushi, na ɗauka na tsira.

"Rufe bakin nan. Sata ka yi. Gobe bayan asuba ka same ni a fili."

Wata shida ina zagaye fili, yana zaune da agogo yana ihu, "Zagayen farko ba a cin tsere, sarkin gaggawa!"

Har yau ban ci kofi ba, amma na daina alfahari da ƙafafun wani. Takalmin ya koma kabad, ba ƙusa ko ɗaya. Kawu ya sa kwado, kuma duk ranar da na je gaisuwa sai ya taɓa aljihu ya ji makullin yana nan.