Ramar da na shuka a Handsworth

Ina ba wa ramata ruwa a bayan gida, sai maƙwabcinmu, Baturen da bai taɓa amsa gaisuwata ba, ya leƙo ta katanga yana washe baki.

Ya rage murya: "Autoflower ce ko photoperiod? Na rasa irin da zan saya, mai yin fure da kansa ko mai jiran yini ya gajarta."

Kaina ya kumbura, na samu ɗalibi. Na ce, "Daga Zariya na kawo irin. Ganyen muke ci da ƙuli-ƙuli, har yara."

Ya zaro ido. "Har yara?"

Da na ba maigidana labari, sai ya ajiye cokali. "Maman Hanifa, wiwi yake nufi! Ganyensu kama ɗaya. In mai gidan hayar nan ya ji, sai bizarmu ta yi bayani."

Ranar na tumɓuke ta kaf, na yi kwaɗo, na aika wa ɗalibin nawa kwano guda. Washegari ya tare ni, rai a ɓace, wai ya cinye tas bai ji komai ba.

Masu shuka rama a Ingila, ku ma an fara gaishe ku?