Allurar da Aka Ɓoye wa Nas

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, maƙerin akwatunan kwano a Dilimi. Wata Talata ce bayan la'asar, a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke hanyar Gada Biyu. Mutum uku ne a kansa: kawunmu Malam Idi, abokin sana'arsa Ɗanjuma, da nas ɗin da ke kan aiki. Ni ina wurin aikina aka aiko mini.

Abin da aka gaya wa masu ta'aziyya shi ne kwano ya yanke shi a dantse, aka kai shi ɗinki, kwana ya ƙare. Ba ƙarya aka yi ba, an dai tsallake abu guda. Sai daga baya Ɗanjuma ya ba ni cikon labarin, yana magana yana kallon ƙasa.

Kafin asibiti, kemis ɗin layinmu aka fara kai shi. Mai shagon, wanda kowa ke kira Dokta ko da yake bai yi karatun likita ba, tare suka taso da Yaya. Ya ce zai ɗinke. Ya yi allurar kashe zafi a bakin raunin, Yaya ya ce yana ji, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Da ya ga yankan ya fi ƙarfinsa, sai ya naɗe hannun ya ce a wuce asibiti. A bakin ƙofa ya ja Kawu gefe ya ce, "Baba, a rufa mini asiri. In suka ji na taɓa shi, rufe shagon za a yi."

A asibiti nas ta yi tambayar da ta kamata, ko an yi masa wata allura kafin su zo. Kawu ya ce, "Ko ɗaya, 'yata. Daga wurin aiki muke." Ta dubi Yaya, ya ce, "Yadda Kawu ya faɗa ne."

Wannan allura tana da iyaka, gwargwadon nauyin mutum. Wadda aka yi ɗazu ba ta gama barin jiki ba, ta biyu a kanta take hawa. Idan ta yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa take fara taɓawa, sannan zuciya. Nas ta auna tata a kan amsar da aka ba ta, ta yi masa.

Jiki kuma yana gargaɗi, Yaya ma ya faɗa. Nas ta fita ɗauko zare, ya ce leɓensa ya yi nauyi, yana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunnensa na ƙara. Ɗanjuma ya ce, "Kai da kake wuni cikin ƙarar guduma, yau ka san ƙara? Tsoron allura ne kawai, oga." Suka yi dariya har da shi. Kafin ta dawo maganarsa ta fara sarƙewa, sai jijjiga. Asibitin ba shi da iskar oksijin. Ko a lokacin, Kawu bai canza amsarsa ba.

Yau shagon Dokta ya zama ƙofa biyu, kuma har yanzu ana ɗinki a bayan labule. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san amsar, ita ce ta fi ci mini rai. Cewa zai yi in bar bawan Allah ya nemi abincinsa. A wurin zaman makoki, duk wanda ya yabe shi da rufin asiri ya yabe shi, kuma sun yi gaskiya. Bai taɓa tona kowa ba. Halin nan shi ne ya rage mana daga gare shi, kuma na kasa koya wa 'ya'yansa shi yadda ya bar shi. Nakan ce musu asirin maƙwabci yana ƙarewa ne a inda mai allura ya yi tambaya.

Kawu ya rasu bai yarda an gaya wa Hajara, matar Yaya, ba. Bara na zaunar da ita na gaya mata komai. Ta ce Allah ya isa. Har yau a wurin Dokta take sayen maganin tarin yara, don babu wani kemis a layin.