Mai Goge Ƙafafun Mota a Tashar Matameye

Bana fari ne, mulki kuma na soja. Habsatu mai tuwo tana kallon wani dogon baƙo durƙushe tsakanin motoci biyu. Rawaninsa ya koɗe, amma wuyansa a miƙe yake. Ƙafafun motar haya na alminiyom ne tsirara, yana murza musu toka da ɗigon ruwan butarsa. Na motar kwamanda kuwa suna da rufin fenti mai sheƙi. Bakin rawaninsa kawai yake shafa musu, kada toka ta karce su.

"Malam, ruwan shanka ne fa!" in ji Habsatu.

"Baiwar Allah, abin da ke hannuna shi ke fara sha."

Yana shafawa yana ɗan fito. Habsatu ta gane hannun nan da bayan shanu ya saba. Fari ya cinye garken, amma makiyayin yana nan.